Yadda malami zai jawo yaron da ya tsani makaranta, mataki bayan mataki

Tambaya ɗaya ce malamai ƴan uwana suke ta maimaita min, musamman sababbin ɗauka da ƴan bautar ƙasa da ake turowa makarantunmu na Kaduna: Malam ina da yaro a aji baya zuwa, in ma ya zo kamar baya nan, na yi faɗa na yi bulala na yi nasiha har na gaji, ya zan yi da shi? To yau na zauna na rubuta yadda ake bi daki-daki. Amma tun kafin mu shiga bari in faɗi abu ɗaya, jerin matakan nan shi ne maganin, kar ka tsallake. Yawancinmu da nasiha muke farawa, mu zaunar da yaro muna ta gaya masa amfanin ilimi, alhali yaron da aka wulaƙanta jiya a gaban aji ba abin da zai shiga kunnensa yau. Nasiha can ƙarshe take zuwa, in ma an buƙace ta.

Abin da za ka tanada

Ba wani kashe kuɗi ba ne. Ƙaramin littafin rubutu naka na kanka, rajistar ajin, kwali guda biyu ko uku da alƙalamin maka, katin waya na kiran iyaye, sai kuɗin keke na zuwa gidan yaron sau ɗaya ko biyu. Abin da yake da tsada a ciki lokacinka ne, minti 10 zuwa 15 kullum na aƙalla zango guda. Na san albashin malami baya kai wata, shi yasa duk abin da zan faɗa na auna shi da aljihun malamin makarantar gwamnati.

1. Zaɓi yaro ɗaya, in ka yi yawa biyu

Ajin da yara suka haura tamanin kamar yadda ake gani a wasu makarantun Rigasa da Tudun Wada, in ka ce duk waɗanda suka lalace za ka ɗauka lokaci guda wallahi kafin sati uku ka gaji ka watsar da su gaba ɗaya, kuma yaron da aka fara kula shi aka watsar ya fi wanda ba a taɓa kulawa ba jin ciwo. Ka fara da wanda yake gab da daina zuwa. Kuma kar idonka ya tsaya kan mai hayaniya kaɗai, akwai mai shiru a kusurwa wanda ko sunansa ba kowa ya sani ba, sau da yawa shi ne yake fara ɓacewa.

2. Sati biyu kana kallo kawai

Kar ka ce masa komai tukuna. Buɗe rajista ka bi ta baya ka ga waɗanne ranaku yake fashi. Litinin ce? Juma'a ce? Ko yana zuwa da safe amma da an fita tara sai a neme shi a rasa? Darasin wane malami ne yake gudu? Duk ka rubuta a littafinka da kwanan wata, domin ƙwaƙwalwa tana yaudara, sai ka ga kamar kullum baya zuwa ashe ranaku biyu ne a sati kuma suna da dalili.

A cikin aji ka lura da hannunsa da idonsa. Akwai yaron da in yana kwafar rubutu daga allo kowane harafi sai ya ɗaga kai ya kalla sannan ya sunkuya ya zana, ya sake ɗagowa, har a goge allon bai gama layi biyu ba. Wannan ba rubutu yake ba, zane yake, bai san me yake kwafa ba. Akwai wanda da an fara karatu bi da bi, layi ya kusa zuwa kansa sai ya ɗaga hannu, Malam zan je fitsari. Akwai wanda kullum ya manta littafi a gida. Akwai kuma mai tsokanar na kusa da shi daidai lokacin da za a yi tambaya don a kore shi waje, ya gwammace a ce masa fitinanne da a ce masa daƙiƙi. Duk waɗannan abu ɗaya suke ɓoyewa.

Gargaɗi: kar ka je ɗakin malamai kana tambayar ra'ayin kowa a kansa. Za a cika maka kunne da ai wannan ba zai yi ba, yayansa ma haka ya yi, sai ka shiga aikin da zuciyarka ta riga ta yanke hukunci. Mutum ɗaya ya isa, malamin da ya riƙe ajinsu bara, shi ma ka tambaye shi abin da ya gani ne ba abin da yake zato ba.

3. Tsayar da abin da yake korarsa

Kafin ka ƙara masa wani abu mai daɗi, fara cire mai ɗacin. Sunayen nan da ake laƙaba wa yara, jaki, daƙiƙi, ƙwaƙwalwar kifi, babban banza, ka hana a ajinka, kai ma bakinka ya kiyaye. Daina karanto makin gwaji da ƙarfi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ana dariya, miƙa wa kowa takardarsa a naɗe. Daina tayar da shi karatu a gaban aji har sai ka san matsayinsa.

Sai maganar bakin get. Yaron da ya yi latti ya hango malamin diyuti da bulala a tsaye, lissafinsa mai sauƙi ne, juyawa zai yi ya wuce gidan gem ko gidan kallon ƙwallo ya zauna har a tashi sannan ya koma gida da jakarsa kamar daga makaranta yake. Don haka ka samu malamin diyuti a gefe cikin girmamawa ka ce masa akwai yaron da nake bibiya, dan Allah in ya makara a turo min shi ni zan ji da shi. In da hali ka sanar da hedimasta ko firinsifal tun yanzu don kar a ga kamar kana shiga aikin wani. Ni a ganina yaro ya zo ƙarfe tara ya fi kar ya zo sam, lattin za a gyara daga baya.

4. Hirar farko

Kar ka kira shi ofis. Yaron da ya saba laifi da ya ji an ce Malam na kiranka jikinsa ya gama mutuwa. Aike shi za ka yi, ka ce wane zo ka taya ni ɗaukar littattafan nan, kuna tafe kuna magana. Kuma kar ka fara da me ya sa baka zuwa makaranta, amsar da za ka samu ita ce ba komai Malam. Tambaye shi a wace unguwa yake, da ƙafa yake zuwa ko a keke, me yake yi bayan an tashi, wace Islamiyya yake, wane kulob yake goyon baya. Ranar farko minti uku ya isa, ka ce masa na gode ka sallame shi. Bayan kwana biyu ka sake, ka kawo wani abu daga cikin abin da ya faɗa maka, ya jikin kakar taka? Nan ne zai gane da gaske kake sauraro.

Sai hira ta uku ko ta huɗu sannan za ka iya cewa, jiya ban ganka ba, na duba kujerarka, lafiya dai? Ka yi shiru ka jira. Shirun zai yi tsawo, kar ka cike shi da wa'azi.

Gargaɗi mai girma, kuma dan Allah malamai maza ku ji wannan da kyau: in ɗalibar mace ce, kar ka taɓa keɓewa da ita. Magana a fili inda ake ganinku, a baranda ko aji ƙofa a buɗe da wasu yaran a ciki, ba karɓar lambar waya, ba hira ta WhatsApp, ba rage hanya a mashin. Mafi kyau ka haɗa ta da malama mace ku yi aikin tare. Wannan kariya ce gare ta, kariya ce ga mutuncinka. Ko namiji ne ma ƙofa a buɗe. Sannan kar ka yi masa alƙawarin duk abin da ka gaya min ba wanda zai ji, domin akwai abin da in ya faɗa dole ka kai gaba.

5. Gwada ainihin inda karatunsa ya tsaya

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, kuma shi aka fi tsallakewa. Yaro yana JSS 2 ba yana nufin ya iya karatu ba, kowa a cikinmu ya san ana ciyar da yara gaba aji bayan aji ba tare da sun iya haɗa baƙi ba. Ka auna da kanka, mutum ya zauna awa biyar ko shida kullum ana magana da rubutun da baya ganewa, shekara da shekaru, wa zai so wurin?

Ɗauki kwalinka ka raba gida huɗu. Gida na farko haruffa goma a warwatse, na biyu kalmomi goma masu sauƙi irin su gida, ruwa, kaza, na uku jimloli huɗu gajeru, na huɗu ɗan labari mai layi bakwai ko takwas. Ka yi ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci. Fara masa da jimlolin na Hausa, in ya wuce ka hau labari ka yi masa tambaya biyu a kai, in ya cije ka sauko kalmomi, in nan ma ya cije ka sauko haruffa. Inda ya iya ba tare da wahala ba nan ne matsayinsa, daga nan za ku tashi ko da kuwa a sakandare yake. Lissafi ma haka, gane lambobi, tarawa, ɗebewa mai aro, sai rabawa. Wannan salon ba ni na ƙirƙiro ba, ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ce ta shahara da shi, koyar da yaro daidai inda ya tsaya ba daidai ajin da yake ba, kuma ana amfani da shi a wasu jihohin Arewa.

Yi gwajin lokacin tara ko bayan an tashi, ba a gaban abokansa ba, kuma kar ka kira shi jarrabawa. Ka ce taya ni duba wannan. Fuskarka kar ta canza in ka ga bai san harafi ba, yana kallon fuskarka fiye da kwalin. Abin da za ka ce shi ne, yauwa yanzu na gane inda za mu fara, ba laifinka ba ne, kuma ana gyarawa.

Ka tambaye shi izu nawa gare shi a Islamiyya ko makarantar allo. Za ka sha mamaki, yaron da ake kira daƙiƙi a boko ya kawo maka hadda tiryan-tiryan. Ka gaya masa a fili cewa kan da ya riƙe wannan ba abin da zai gagare shi a haruffan boko.

6. Duba ido, kunne da ciki

Wannan baya ɗaukar lokaci. Tsayar da shi a bayan aji ka yi rubutu madaidaici a allo, in yana ƙanƙance ido ko yana matsowa to dawo da shi layin gaba yau ɗin nan, ka faɗa wa iyaye. Mu a Kaduna Allah ya hutar da mu, asibitin ido na ƙasa yana nan wajen Mando, cibiyar kula da kunne ta ƙasa ma a cikin garin nan take. Yaron da sai ka kira shi sau uku, ko kullum yana juyo da kunne ɗaya, ba lallai raini ba ne. Mai sikila zai riƙa fashi musamman lokacin hunturu da damina, wannan uzuri yake buƙata da wanda zai kwafar masa darasi. Ƴan mata da suka fara girma wasu suna fashin kwana uku ko huɗu duk wata saboda ba audugar mata ko bayin makaranta ba ruwa, wannan malama ce za ta yi maganar. Sai yunwa, yaron da yake kwantar da kai a tebur tun ƙarfe goma ka tambaye shi a hankali ko ya karya.

Gargaɗi: kai ba likita ba ne, kar ka ba yaro magani kuma kar ka sa wa ciwonsa suna. In za ka taimaka da abin karyawa kar ka miƙa kuɗi a gaban yara, kuma kar ka fara abin da ba za ka iya ɗorewa ba. Gara ka kai maganar ga kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ko ƙungiyar iyaye da malamai.

7. Shirya masa nasara ta farko

Yanzu ne minti goman nan na kullum za su fara aiki. Lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kan matsayin da ka same shi. In haruffa ne, uku ko huɗu a rana da sautinsu, ku haɗa ba, bi, bu, daga nan baba, babu. Da Hausa za ka fara domin yadda ake faɗa haka ake rubutawa, in ya kama haɗa baƙi a harshensa Turancin zai zo da sauƙi. In kana da wasu yaran masu matsayi ɗaya haɗa su uku ko huɗu, ya fi rage kunya.

Bayan kamar sati biyu sai ka shirya masa fitowa a aji. Ka koya masa abu ɗaya yau ka tabbatar ya zauna daram, gobe a tsakiyar darasi ka jefa tambayar ka kira sunansa kamar ba shiri. Zai miƙe ƙafa na rawa, muryar can ƙasa, ya faɗi amsa daidai, ajin ya yi tsit ana waiwayensa. Kai kuma ka ce daidai ne, ka ci gaba da darasi. Kar ka cika tafi da kururuwa, in ka yi yawa yara za su gane shiri ne su mayar da shi abin tsokana.

Yabo kuma ya zama na gaskiya mai nuna abu. Maimakon kai gwani ne, ka ce satin da ya wuce layi biyu kake rubutawa yau ka yi biyar. Yaran nan sun san yabon ƙarya, da sun ji shi darajar maganarka ta zube. A littafinsa ma rage jan biro, in kuskure goma ne gyara biyu ka bar sauran sai wani lokaci.

8. Ba shi abin da in bai zo ba za a ji

Riƙe alli da dasta, kaɗa ƙararrawa, tattara littattafai, kula da mabuɗin aji. Ƙaramin abu ne amma yanzu yana da dalilin fitowa da wuri. Ka kuma shigo da abin da ya iya cikin darasi. Yaron da yake zuwa gareji ko Panteka, kasuwar ƙere-ƙere, bayan an tashi ya san lambobin sifana da awo, kira shi ya nuna wa aji. Yarinyar da take tallar awara ko gyaɗa lissafin canji da riba a kanta yake, ba ta buƙatar biro, sai ka gina tambayar lissafin a kan haka ba tare da ka ambaci sunanta ko tallarta ba sai in ita ta yarda.

Gargaɗi: kar ka mayar da shi ɗan gaban goshi, sauran za su tsane shi. Raba ayyuka ga yara da yawa nasa ya shige a ciki. Kar ka yi saurin naɗa shi monita mai rubuta sunan masu surutu, faɗa za ka haɗa masa. Kuma aiken gidanka ko na sayo maka abinci a waje ba ya cikin wannan.

9. Sai yanzu za ka je gida

Da gangan na ajiye wannan a nan. In ka je gida tun farko da ƙara, dukan tsiya za a yi masa da daddare, gobe ya ɗauke ka maƙiyi. Yanzu kuwa da labari mai daɗi za ka je. Gaya wa yaron tukuna cewa za ka zo kuma ba ƙara za ka kawo ba. Ka kira ka nemi lokaci, bayan la'asar ko ranar Asabar ya fi. Namiji ya yi sallama da maigida a ƙofar gida ko zaure, in uwa ce take riƙe da yaron ka tafi da malama.

Bayan gaisuwa ka ce, Baba ni ne malamin wane, ba laifi ya yi ba, na zo ne in gaya muku yaron nan yana da kai, ga littafinsa ku gani. Iyaye da yawa ba a taɓa zuwar musu daga makaranta da alheri ba, za ka ga yadda fuska take sakewa. Daga nan sai ka roƙi abu ɗaya tak wanda za su iya. In ɗiban ruwan safe ne yake sa shi latti, ko za a mayar da shi yamma. In talla ce kar ka ce a daina, da ita ake cefane, ka nemi a mayar bayan an tashi. In yunifom ne ko takalmi ka ce za ka yi magana da shugaban makaranta, kar ka yi alƙawari da bakinka.

Gaskiya ne dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, amma kar ka shiga gidan mutum kana masa barazana da doka, ƙofa zai rufe. In abin ya ƙi sai a bi ta mai unguwa ko limamin masallacinsu ko faston cocinsu, wanda suke jin nauyinsa. Ga ƴan mata ƴan sakandare ka tambayi firinsifal ko makarantarku tana cikin shirin AGILE mai tallafa wa karatun ƴan mata, Kaduna na cikin jihohin da ake yinsa.

10. Ranar da ya koma gidan jiya

Zai koma, ka sa a ranka. Yawanci bayan hutu ko bayan sallah ko in wani abu ya faru a gida. Kar ka ce duk wahalar da na sha a kanka, wannan maganar tana rusa komai. In ya yi fashin kwana biyu a jere aika abokinsa ko ka kira gida, in ya dawo ka ce sannu da zuwa, ga inda muka tsaya. Buɗe littafinka ka gwada fashin wannan watan da na watan farko, in daga kwana goma ya dawo huɗu ai an ci gaba, ka nuna masa lambobin da idonsa. Duk wata ka maimaita gwajin kwalin nan da sababbin kalmomi.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin malami shi kaɗai. In ka ga alamar shaye-shaye, ko ya fara bin ƴan shara, wato ƴan daba, ko tabon duka da ya wuce hankali, ko yaro ya gaya maka wani yana lalata da shi, ranar ka kai wa shugaban makaranta da malamin ba da shawara, a rubuce da kwanan wata. Kar ka tsaya bincike da kanka, kar ka tunkari wanda ake zargi, kar ka baza a ɗakin malamai. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara ta 2018, akwai kuma cibiyoyin Salama masu karɓar waɗanda aka ci zarafinsu, ɗaya tana asibitin Gwamna Awan a Kakuri.

11. Miƙa shi hannu da hannu

Tun kafin shekara ta ƙare ka fara rage minti goman, daga kullum zuwa sau uku a sati zuwa sau ɗaya, ka haɗa shi da wani ɗalibi mai haƙuri su riƙa bita tare don kar ya zama in ba kai ba babu karatu. In ya ci gaba zuwa wani aji ka samu sabon malaminsa tun satin farko, ka ba shi takarda shafi ɗaya: matsayin karatunsa yanzu, inda ya kamata ya zauna, abin da yake sa shi fashi, wanda za a kira a gida. Sirrin gidansu da ya gaya maka kar ka sa a ciki. In ɗan aji shida ne mai tafiya sakandare ko ɗan JSS 3 mai shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, takardar ka ba iyayen su kai da kansu, ka rubuta lambar makaranta a ƙasa don sabon malamin ya iya nemanka in yana da tambaya.